Ƙurar katantanwa a jikin tufafi: tana hana salla?

Tambaya: Malam, ina aiki a injin abincin kaji a Kawo. Muna niƙa ɓawon katantanwa da garin ƙashi saboda kajin ƙwai, ƙurar kuwa har cikin gemu. Wani ɗalibi ya ce ɓawon ƙashin mushe ne, in rama sallolina. Haka ne?

Amsa: Ɗana, Allah ya sa albarka a nemanka. Ɓawon katantanwa mai tsarki ne, babu ramuwa a kanka.

Ɗalibin nan ya ji cewa ƙashi da ƙaho da kofaton mushe najasa ne a mazhabar Malik, kuma haka ne. Inda ya zame shi ne ɗora ɓawo a kansu don kawai duk suna da tauri. Ba tauri ne dalili ba. Ƙashin saniya ya zama najasa ne saboda ita kanta mushen najasa ce, mai jini mai gudana. Shehu Halilu kuwa da mushen abin da ba shi da jini da na dabbar ruwa ya buɗe lissafin abubuwa masu tsarki a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya. To, in dodon koɗin kansa bai zama najasa da mutuwa ba, ta ina gidansa zai zama? Shafi'awa sun tsaurara kan dodon koɗin tudu, amma hadisin ƙuda da ya faɗa cikin abin sha, wanda shi ma ba shi da jini mai gudana, ya fi ƙarfafa ra'ayinmu. Lu'ulu'un da Alƙur'ani ya kira ado ma a cikin irin wannan ɓawo ake samunsa. Shi ɓawon galibinsa sinadarin kalsiyam ne irin na farar ƙasa, shi ya sa yake ƙarfafa ƙwai.

Abin da ya tsayar da ni garin ƙashin nan ne da ka ambata a gurguje. In daga mayankar Musulmi yake, shi ke nan. In ka tabbata na mushe ne, ƙurarsa najasa ce, sai dai in an ƙone shi ya zama toka, nan Dardiri, mai sharhin Muhtasar, ya rinjayar da tsarki. In ba ka sani ba, asali tsarki ne, kada ka buɗe wa wasuwasi ƙofa.

Ka ajiye riga ta daban don salla, ya fi kwanciyar hankali. Ƙurar da ta yi ɓawo a fata ka wanke ta kafin alwala. Kuma don Allah ka riƙa sa takunkumi, wannan ƙura tana cutar da huhu, iyalinka suna bukatarka. Ɗalibin kuma kada ka kunyata shi a gaban mutane, ka nuna masa wurin a littafi ku biyu.

Wallahu a'alamu.