Wai Intel zai durƙushe, in fasa sayen laftof mai Core i5?

Malam, ka ce ka ji ana cewa kamfanin Intel, mai ƙera Core i5 (firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta), ya kusa rushewa, shi ya sa kake tsoron kuɗinka su tafi a banza. Kwantar da hankalinka.

Gaskiya ne kamfanin ya sha wuya. A 2024 ya tafka asarar kusan dala biliyan 19, shugabansa Pat Gelsinger ya sauka a Disamba, har aka yi ta raɗe-raɗin kamfanin Qualcomm zai sayi Intel, maganar da ba ta tabbata ba. Sai kuma a Agustan 2025 gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin ɗari na hannun jarinsa, wata guda bayan haka kamfanin Nvidia ya sanar da zuba dala biliyan 5 a Intel. Ko ma dai mene ne, rigimar hannun jari ba ta hana kwamfutar da ke kan teburinka aiki.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne zubin firosesa, wato ko tsohuwar ƙira ce ko sabuwa. A kasuwa za a nuna maka takardar "Core i5" manne kusa da madannai, a ce ai shi ke nan. Kar ka tsaya nan. Shiga Settings, System, About, ka duba lambar: i5-6300U zubi na 6 ne, i5-8250U na 8. Windows 11 na buƙatar na 8 zuwa sama, ga shi Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.

In tokunbo ce, tafi da mai gyara da ka yarda da shi, ya duba batir da zafin da take ɗauka kafin ka biya.