Ƙarin ƙwaƙwalwa da furotin ɗin da ke cikinsa: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, an yi wa mahaifinmu tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa, sai aka ce a kai naman ɗakin gwaje-gwaje a duba wasu furotin. Mene ne amfaninsa tunda an riga an cire?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ƙari biyu na iya yin kama a ƙarƙashin madubin likita, amma halinsu ya sha bamban, shi ya sa tsarin rarrabewa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya dogara ƙwarai ga canje-canjen ƙwayoyin halitta da furotin ɗin da ƙarin ke samarwa. Ana shafa wa siririn yankin naman wani sinadari mai kama furotin guda tak, inda yake kuwa sai wurin ya rine ya koma ruwan ƙasa. Idan aka ga canji a wani furotin da ake kira IDH1, ƙarin yakan girma a hankali. Idan kuma ƙarin ya rage samar da MGMT, wato furotin da ke gyara ɓarnar da magani ke yi wa ƙwayoyin ƙarin, to maganin temozolomide yakan fi tasiri. Don Allah kada ku yi sakaci da wannan gwaji, kuma ku adana sakamakon.

Tambaya: Shin da gaske akwai magungunan da ke kai wa waɗannan furotin hari kai tsaye?

Amsa: Akwai, Hajiya. A 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin vorasidenib ga masu ƙarin mataki na 2, wato marar saurin girma, mai canjin IDH, bayan tiyata. A 2023 kuma ta amince da haɗa magungunan dabrafenib da trametinib ga yara masu ƙari marar saurin girma da ke ɗauke da canji a furotin ɗin BRAF. Sai dai suna da tsada matuƙa, kuma ba su amfani ga wanda ƙarinsa ba ya ɗauke da canjin.

Tambaya: Yayana na fama da gliyobilastoma, wato ƙarin ƙwaƙwalwa mai saurin girma. Me ya sa shi ba a samar masa irin wannan ba?

Amsa: Malam, wannan ne ya fi damun likitoci. Kusan kashi 40 cikin 100 na irin wannan ƙari na samar da EGFR, wato furotin da ke sa ƙwayoyi girma, fiye da kima, amma magungunan da aka yi don kai masa hari ba su yi nasara ba, saboda shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yana tare yawancinsu, sannan ƙwayoyin ƙari ɗaya ba iri ɗaya ba ne: a kashe wasu, sauran su ci gaba da yaɗuwa. Maganin bevacizumab yana rage kumburi, amma bai tsawaita rayuwa ba. Har yanzu tiyata da gashin ƙari da haske (radiotherapy) da temozolomide, tsarin da ya kafu tun 2005, su ne ginshiƙin jinya, don haka kada ya dakatar da su yana jiran sabon magani.