Itacen da ya yi fari, gyaɗar da ta yi kore

TAMBAYA: Malam, ƙuli-ƙuli nake yi a Bichi. Bana danshi ya taɓa min buhun gyaɗa ta yi hunhuna kore-kore. Itacen girkin da na jibge bayan ɗaki shi ma ya yi fari yana ruguguwa, har da laimar kwaɗi a jikinsa. Surukata ta ce in wanke gyaɗar in soya, wuta na kashe komai. Abu ɗaya ne ya ci su? Kuma gaskiyarta ce?

AMSA: Hajiya, dangi ɗaya ne, sana'a ce ta raba su. Ki gaishe min da Inna, amma wannan karon ba zan bi bayanta ba.

Abin da ke ba ice tauri wani sinadari ne da ake kira lignin, wanda aka gina da zobba masu ƙwayar kabon shida-shida, a sarƙe da juna. Masana suna ce wa masu irin wannan zobe "masu ƙamshi", don waɗanda aka fara ganowa ƙamshi gare su, sai sunan ya bi har marasa ƙamshin. Zoben nan taurin kai gare shi. Ko saniya, duk da tuƙarta, ba ta iya narkar da lignin. Amma hunhunar da ta kama itacenki tana tsartuwar wasu sinadarai masu narkarwa da ake kira enzayim, ɗaya daga cikinsu sai a 1983 aka gano shi, su kwance sarƙar, sannan ta fasa zobban. Farin da kika gani zaren icen ne da ya saura bayan an cinye lignin.

Gara ma ta san wannan sirri. Ina yaro na taɓa sara suri da fartanya, na tarar da wani abu mai huji-huji kamar soso, da fararen ɗigo a kansa. Ashe gona ce: gara ke noma hunhuna a ciki don ta tausasa mata ice da kara.

Ta gyaɗarki kuwa, Aspergillus flavus, maƙeriya ce. Ita ƙera zobba take yi, ta haɗa gubar aflatoksin. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗar Brazil, daga nan aka gano ta. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Wanda ke cin ta kaɗan-kaɗan kuma, hantarsa take bi, tana jawo ciwon daji, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B.

Wuta na kashe hunhunar, nan Inna ta yi gaskiya. Gubar ce ba ta mutuwa. Suya kan rage ta, ba ta gamawa da ita, wanki kuma bai kai cikin ƙwaya ba. Abin da ya fi tayar min da hankali a sana'arki shi ne, in an matse mai, yawancin gubar a tunkuza take zama. Ke nan ƙuli-ƙulin da yara ke saye a ƙofar makaranta.

Wannan buhun dai a haƙura da shi. Kada a ba shanu ko awaki, gubar tana fita ta nono. Nan gaba ki tsince motsattsu da masu baƙi, ki ɗora buhu kan katako nesa da bango. Ki kuma tambayi manoman da kike saye a hannunsu ko suna watsa Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar: irin hunhunar ce maras guba, ake zubawa a gona ta tare wa mai gubar wuri.

Itacen kuwa ki shanya shi ki yi girkinki, sai dai zai ci da sauri, ba zai bar miki garwashin kirki ba.