Amsa ga Kawu kan yaranmu da wasannin jami'a a Amurka

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa, ka tambayi dalilin da ya sa mu Hausawa mazauna Amurka muke barin 'ya'yanmu su haɗa karatun jami'a da wasa, har yaro ɗaya ya shiga biyu ko uku, alhali a gida ana ganin ƙwallo ce ke raba yaro da littafi.

A nan wasa yana cikin tsarin makaranta, kuma an rarraba shi bisa lokutan shekara, ƙwallon Amurka (wadda ake riƙewa a hannu a yi gudu da ita) da kaka, ƙwallon kwando da hunturu, guje-guje da tsalle-tsalle da bazara, shi ya sa mai hazaƙa yake gama wannan ya faɗa wancan. Kuɗin jami'a dubban daloli ne a shekara, wasu jami'o'in kuwa sukan ɗauke wa ɗan wasansu duka ko wani kaso, muddin bai faɗi jarrabawa ba.

Dubi Christian Okoye, haifaffen Inugu a 1961, wanda ya zo Jami'ar Azusa Pacific ta Kalifoniya a 1982 domin jifan faifai da dalma. Da Najeriya ba ta sa shi cikin tawagarta ta Olamfik ta 1984 ba, sai ya koma ƙwallon Amurka, wadda bai taɓa bugawa ba, yana ɗan shekara 23. Ƙungiyar Kansas City Chiefs, ta babbar gasar ƙwararru ta NFL, ta ɗauke shi a 1987, kuma a 1989 babu wanda ya kai shi nisan gudu da ƙwallo a gasar, yadi 1,480. Duk da haka kakar wasa shida kawai ya buga, ciwon gwiwa ya tsayar da shi.

Wannan ƙarshen ne muke nuna wa yaranmu, domin ƙasa da biyu cikin ɗari na 'yan wasan jami'a ne ke zama ƙwararru, saboda haka digiri shi ne sharaɗinmu na farko. Sai salla da azumi, waɗanda uba kan zauna da koci a daidaita tun kafin watan Ramadan ya kama, haka ma suturar 'ya'ya mata. Inda bakinmu bai zo ɗaya ba shi ne ƙwallon Amurka kanta, saboda buguwar da ake yi a kai a cikinta. Wasu sun yarda, ni dai nawa na tsayar da su a guje-guje da ƙwallon kwando.