Wane littafin jagora zan riƙe zuwa Madagaska?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Argungu. Shekara uku ina tara kuɗi don in je Madagaska a hutun Disamba, in ga dabbar nan mai kama da biri da ake kira lemur, da manyan kukokin Morondava. Wani ya turo mini tsohon littafin jagora a WhatsApp. Zai wadatar, ko in sayi sabo? Ina tsoron kuɗina su tafi a banza.

Amsa: Malam, sayi sabo, ka fara duba shekarar bugu. Na kamfanin buga littattafai na Bradt ya fi zurfi kan dabbobi da gandun daji. Amma ba littafin ne ya tsorata ni ba, watan da ka zaɓa ne.

Kusan kullum sai wani ya zo mini da wannan lissafin: Disamba ai hunturu ne, hanya a bushe. A Kebbi kenan! Madagaska tana kudu da layin da ya raba duniya gida biyu (ikwaita), daminarta daga Nuwamba ce zuwa Afrilu. Lokacin da kake shafa man leɓe saboda ƙurar hunturu, su can ruwa ake shatatawa. Daga Janairu zuwa Maris kuma guguwar teku ke zuwa. A Fabrairun 2022 wadda ake kira Batsirai ta afka wa garin Mananjary ta yi ɓarna mai yawa. Masu tallan tafiya a Facebook da ke cewa "kowane wata daidai ne" kuɗinka suke kallo, kuma ba za ka gan su ba ranar da motarka ta kafe a laka.

Ɗauki misalin hanyar Tsingy, gandun dajin nan mai tsinin duwatsu da ke arewa da Morondava. Daga Morondava zuwa Bekopaka, ƙauyen da ke bakin gandun, kusan kilomita 200 ne, amma wuni guda ake ci, a tsallake kogin Tsiribihina da na Manambolo a jirgin fito, mota da mutane gaba ɗaya. Da damina hanyar ba ta biyuwa, gandun ma rufe shi ake yi. Littafin da bai faɗa maka wannan wata-wata ba, wanda ke ba ka kilomita ba awowi ba, ajiye shi.

Duba kuma ko ya yi maganar ɗan jagora na dole a gandun gwamnati, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Kada ka ce ka saba da sauron fadamar Argungu.

In da hali, ka ɗage tafiyar zuwa dogon hutu na Agusta.