Malam, wai me ya sa borrow me kuskure ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ranar nan a aji na ce wa ƙawata borrow me your pen sai malamarmu ta Turanci ta ce wai kuskure ne, 'yan aji suka yi ta min dariya alhali wallahi su ma haka suke faɗa. Don Allah mene ne laifin maganar? Sannan swap da exchange da transfer ba duk abu ɗaya ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Malamarki ta yi gaskiya, amma ke ma ba daga sama kika ɗauko ba, Hausa kika yi da kalmomin Turanci. Mu a wajenmu kalma ɗaya ce ke yi wa mai karɓa da mai bayarwa aiki, na ari biro, ta ara min biro, shi kenan kowa ya gane. Shi kuwa Bature raba su ya yi gida biyu, borrow ta mai karɓa ce, lend ta mai bayarwa. To kinga in kika ce borrow me kin ɗora wa ƙawarki aikin da naki ne. Ko dai ki ce lend me your pen, ko ki ce can I borrow your pen. Borrow da from take tafiya, lend kuma da to, in abin ya riga ya wuce sai ki ce lent. Irin wannan tarkon ne ke sa wasu cewa learn me maimakon teach me, saboda koya min ɗin da ke cikin kansu.

Abin da ke burge ni a nan, mu ma fa muna da wani rabon da su ba su da shi. Aro daban, rance daban. In kin ari littafi shi ɗin dai za ki mayar da bangonsa da komai, amma in kin ranci kuɗi kashewa za ki yi ki biya da wasu. Bature duk borrow zai ce, ko a jikinsa. Mu abin da za a mayar muke dubawa, su kuma hannun da abin ya fito. Ita borrow ɗin ma a tsohon Turanci daga kalmar da ke nufin jingina ko lamuni ta samo asali.

Sauran ba su da wahala sosai. Swap da exchange duk musaya ce, ki ba ni in ba ki, sai dai swap ta hira ce, exchange ta fi shiga takarda da banki, ita ce a exchange rate wato farashin canji. Transfer kuwa hanya ɗaya take bi, kuɗi ko ma'aikaci ya tashi daga nan ya koma can ba tare da wani abu ya dawo a madadinsa ba. Barter kaya da kaya ne babu kuɗi a tsakani, ba ni gishiri in ba ki manda kenan.

Ba ki tambaya ba amma ga ƙari. Juna ɗinmu ita ce each other, reciprocity kuma cuɗe ni in cuɗe ki. Akwai quid pro quo da suka ara daga Latin, ma'anarta wani abu a madadin wani abu, ta yi tashe sosai a labaran Amurka a 2019 lokacin da ake binciken tsige Donald Trump kan batun Yukren. Wannan kam ki yi hattara da ita, don sau da yawa warin cin hanci take yi, kar ƙawarki ta ara miki biro ke ki ara mata rula ki ce kun yi quid pro quo.