Me ya sa hafsoshin sojan ruwa na da suke harbe juna a kan magana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ci karo da labarin wani babban hafsan sojan ruwan Amurka, Stephen Decatur, wanda aka ce ya sha yaƙe-yaƙe ya tsira, sai ga shi abokin aikinsa ne ya harbe shi har lahira a wani fito-na-fito da suka shirya da yardar juna. Abin ya ɗaure mini kai. Babu doka ne a lokacin? Kuma wane irin zagi ne zai sa manya biyu masu hankali su tsaya su auna juna da bindiga? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Labarin gaskiya ne, ya faru ranar 22 ga Maris 1820. Amma ba zagin rana ɗaya ba ne, Malam, gaba ce ta shekara goma sha uku tsakanin Decatur da James Barron, hafsan da ya harbe shi.

A watan Yunin 1807 jirgin yaƙin Amurka mai suna Chesapeake ya tashi daga gaɓar Virginia ƙarƙashin James Barron. Kaya na zube a kan jirgin, igwoyi ba a shirye suke ba. Jirgin Ingila mai suna Leopard ya tare shi, ya ce zai yi bincike don kama matuƙan da suka gudu daga aikin Ingila. Barron ya ƙi, Leopard ya buɗe wuta. Mutum uku suka mutu nan take, goma sha takwas suka ji rauni, har da shi Barron ɗin. Harbi ɗaya tak Chesapeake ya iya mayarwa, shi ma sai da wani laftana ya ɗauko garwashi daga madafa ya kunna igwar. Barron ya sauke tuta, Turawan Ingila suka hau suka tafi da mutum huɗu. A 1808 kotun soja ta dakatar da shi shekara biyar babu albashi. Decatur yana cikin alƙalan, alhali yana yaro ƙarƙashin Barron ya fara koyon aiki.

Yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Ingila ya zo ya wuce Barron yana Turai, galibi a Denmark. Shi kuwa Decatur tauraronsa sai ƙara haske yake. Tun 1804 ya kutsa tashar jiragen Tarabulus, a Libiya ta yau, da dare ya ƙone jirgin Philadelphia da aka ƙwace wa Amurka, aka ba shi kyaftin yana ɗan shekara 25. A 1812 ya kama jirgin Ingila Macedonian. Da Barron ya dawo gida a 1818 yana neman a mayar masa da jirgi, Decatur na zaune a majalisar da ke kula da rundunar, kuma bai ɓoye ra'ayinsa ba: wanda bai dawo ba lokacin da ƙasa ke yaƙi, bai cancanta ba. 'Yan kai-komo suka kai wa Barron magana, ƙila ma da ƙarin gishiri. Aka yi watanni ana musayar dogayen wasiƙu, kowace ta fi ta baya zafi.

Abin da za ka riƙe a nan shi ne, a wajen hafsan wancan zamani mutunci jari ne. Jiragen kaɗan ne, hafsoshin da yawa, musamman bayan yaƙi, kuma kowa ya san kowa. Ƙarin girma, samun jirgi, kason ganimar jiragen da aka kama, har gidan da za ka nemi aure, duk sun rataya a kan a ce wane ba matsoraci ba ne kuma ba ya ƙarya. Idan aka ƙalubalance ka ka ƙi fita, abokin rigimarka zai buga a jarida ko ya manna takarda a bainar jama'a cewa kai matsoraci ne. Daga nan abokan aiki su daina cin abinci da kai, na ƙasa da kai su raina ka. Ka haɗa wannan da zaman jirgi: samari, wasu ba su kai shekara ashirin ba, a cunkushe a ɗaki ɗaya ƙarƙashin jirgi wata da watanni, ga barasa, ga gardamar wa ya riga wa shiga aiki. Zo mu zauna zo mu saɓa ke nan.

Wani lokaci dalilin ma abin dariya ne. A 1803 a Landan, karen Kyaftin James Macnamara na sojan ruwan Ingila ya yi faɗa da karen Kanar Robert Montgomery a lambun Hyde Park. Masu karnukan suka yi cacar baki, kafin dare sun harbi juna, kanar ya mutu. Aka gurfanar da Macnamara, manyan hafsoshi har da Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Ingila, suka zo suka ba da shaidar halinsa na kirki, masu taya alƙali yanke hukunci suka sallame shi. Wannan ya amsa maka tambayar doka. Kisa laifi ne a takarda, amma masu yanke hukuncin su ma sun yarda da al'adar. A Amurka dokar sojan ƙasa ta daɗe da hana fito-na-fito, ta sojan ruwa kuwa sai 1862 aka rubuta hanin ƙarara.

Al'adar tana da ƙa'idojinta, mafi shahara su ne waɗanda aka tsara a Ireland a 1777. Kowane ɓangare yana da wakili, kuma aikin wakili na farko shi ne neman sulhu, a sami kalmar ban-haƙuri da kowa zai karɓa ba tare da ya ji kunya ba. Sai hakan ya gagara ne su tsayar da wuri, nisa da bindigogi. Ba dole ne a kashe ba. Abin da ake so a gani shi ne ka tsaya gaban harsashi ba ka girgiza ba. A 1818 Oliver Hazard Perry, wani babban hafsan sojan ruwan Amurka, ya fita da wani kyaftin John Heath wanda Perry ya taɓa marinsa. Heath ya harba ya kuskure, Perry ya ƙi harbawa, magana ta ƙare. Wakilin Perry a ranar Decatur ne.

Shi ya sa ni nake ɗora mafi yawan laifin 1820 a kan wakilan. Na Barron shi ne Jesse Elliott, wanda yake da tsohuwar rigima da Perry tun yaƙin tafkin Erie a 1813, kuma ya san Decatur na bayan Perry. Na Decatur shi ne William Bainbridge, mutumin da aka ƙwace Philadelphia a hannunsa, wato jirgin da ƙona shi ya yi wa Decatur suna. Aka haɗu da safe a Bladensburg, jihar Maryland, wani kwari kusa da Washington da aka saba irin wannan aiki. Aka yanke taku takwas kacal, saboda Barron ba ya gani da nisa. Suna tsaye da bindigogi a hannu, Barron ya ce yana fata su zama abokai a lahira fiye da yadda suka kasance a duniya. Decatur ya amsa cewa shi bai taɓa zama maƙiyinsa ba. Wakilin kirki a nan zai ɗaga hannu ya ce ai magana ta mutu, a yi musafaha. Babu wanda ya ce uffan. Bainbridge ya fara ƙirga, a kan “biyu” suka harba tare, suka zube tare.

Barron ya samu rauni a wajen ƙugu, ya warke. Decatur kuwa harsashi ya shige masa mara. Aka ɗauke shi zuwa gidansa da ke dab da fadar shugaban ƙasa, ya cika a daren yana da shekara 41. Shugaba James Monroe da 'yan majalisa sun halarci jana'izarsa. Matarsa Susan ta yi sauran rayuwarta tana zargin wakilan nan biyu.

Ba wanda aka hukunta. Barron ya ci gaba da aiki, ya riƙe tashoshin sojan ruwa a kan tudu, har ya zama mafi daɗewa a cikin manyan hafsoshin rundunar kafin ya mutu a 1851, sai dai ba a sake ba shi jirgi ya fita teku ba.